Yadda Masana Ke Karanta Tarihin Damina A Cikin Ruwa Da Laka

Tsofaffi a karkara suna riƙe da labarin fari. Akwai waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. Akwai waɗanda suka ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914 daga bakin kakanninsu. Amma daga nan labari yakan fara dushewa. Ba wanda zai iya faɗin yadda damina ta kasance a ƙasar Barno ko Yobe shekara 1,000 da suka wuce. Ma'aunin ruwan sama kuwa baƙo ne. Sai a farkon zamanin Turawa aka fara kafa shi a manyan garuruwa irin su Kano.

To ta yaya masana suke cewa an taɓa yin farin da ya fi na 1973 tsawo? Ta yaya suke cewa ruwan wata rijiya ya shekara dubbai a ƙarƙashin ƙasa? Ba duba suke yi ba. Shaidu suke da su. Shaidun nan su ne ruwa, da lakar gindin tafki, da ɓawon ƙananan halittun ruwa, da haƙoran dabbobi. Dukkansu suna ɗauke da wata alama da ido ba ya gani, amma na'ura tana aunawa.

Ruwa ba nauyinsa ɗaya ba

Kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin zarra. Ruwa ma haka yake. Abu biyu ne suka haɗu suka yi shi, oksijin da haidurojin. Oksijin shi ne sinadarin da mutum yake shaƙa a cikin iska don ya rayu.

Ƙwayoyin oksijin ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi yawansu marasa nauyi ne, ana kiransu oksijin 16. Akwai kuma 'yan kaɗan masu ɗan nauyi, ana kiransu oksijin 18. A cikin ƙwaya 500, kimanin guda ɗaya ce mai nauyi. Kamar 'yan gida ɗaya ne, suna ɗaya, aiki ɗaya, sai dai wani ya fi wani ƙiba. Irin waɗannan 'yan'uwa su masana ke kira aisotof. Waɗannan biyun ba sa ruɓewa, ba sa canzawa. Yadda suka shiga abu haka za su zauna, ko da za a shekara dubu nawa. Wannan shi ya sa suka dace da zama shaidu.

Duk macen da ta taɓa shiƙar gero ta riga ta san sirrin wannan ilimi. In ta ɗaga ƙwarya ta zubo hatsi, iska takan kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta faɗo ƙasa. Rana ma shiƙa take yi wa ruwa. In ta bugi tafki, ruwa mara nauyi ya fi saurin tashi ya zama tururi. Mai nauyi ya fi yawan zama a baya. Shiƙar rana ba ta kai ta mata tsabta ba, don bambancin ɗan kaɗan ne ƙwarai. Amma kullum gefe guda yake karkata. Saboda haka tafkin da rana ta daɗe tana ƙafar da shi, ruwan da ya rage a cikinsa yakan fi na sabon ruwan sama yawan oksijin mai nauyi.

A sama kuma abin juyawa yake yi. Hadarin da ke kawo damina a wannan yanki yawancinsa daga Tekun Atlantika yake tasowa, daga kudu. In girgije ya fara zubar da ruwa, mai nauyi ne ya fi saurin saukowa. Duk yadda girgije ya ƙara zubarwa, ruwan da ya rage masa sai ya ƙara zama mara nauyi. Shi ya sa ruwan tsakiyar damina, na watan Agusta mai kamar da bakin ƙwarya, ya fi zama mara nauyi. Yayyafin farkon damina kuwa yakan ratso busasshiyar iska mai zafi kafin ya iso ƙasa. Wani sashensa yakan ƙafe tun a hanya, abin da ya iso sai ya zama mai nauyi.

Wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Willi Dansgaard ne ya tsara bayanin wannan a 1964. Ya yi amfani da ruwan sama da ake tarawa wata-wata a tashoshi da yawa na duniya, aikin da aka fara a 1961. Kano da Njamena suna cikin garuruwan da aka tara ruwansu. Kafin shi, a 1947, Harold Urey na Amurka ya nuna cewa ɓawon halittun ruwa yana iya riƙe alamar zafin ruwan da suka rayu a ciki.

Na'urar da ke wannan awo aikinta ba wuyar fahimta. Ana mai da ɗan abin da za a auna ya zama iska. Sai a harba ƙwayoyinsa da ƙarfin lantarki su wuce ta gaban maganaɗisu. Maganaɗisun yakan karkatar da marasa nauyi sosai, masu nauyi kuwa kaɗan. Kowane kashi ya faɗa nasa mazubi, a ƙirga. Ruwan da bai cika cokali ba ya isa.

Littafin da ke gindin tafki

A arewacin Jihar Yobe, kusa da iyakar Nijar, akwai ƙasar Manga. Ƙasa ce ta tuddan yashi. A tsakanin tuddan akwai kwaruruka masu ruwa da dabino da goriba, inda mutane suke haƙar kanwa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Kajemarum. A shekarun 1990 masana daga Ingila da Najeriya suka je can suka kafa dogon bututu a gindin kwarin. Suka zaro laka a miƙe kamar sanda, ba tare da ta cakuɗe ba.

Laka a gindin tafki a hankali take taruwa. Ta bana tana kwanciya a kan ta bara. Ta ƙasa ita ce tsohuwa, ta sama ita ce sabuwa. Don haka sandar laka kamar littafi ce, sai dai daga ƙasa ake fara karanta ta. Wadda aka zaro a Kajemarum ta ƙunshi labarin shekara 5,500.

A cikin lakar akwai ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa. Ba su kai ƙwayar gero girma ba. Ɓawonsu biyu ne, yana buɗewa yana rufewa. Da sinadarin alli suke gina shi, kuma daga ruwan tafkin suke ɗaukar kayan ginin. In a zamaninsu ruwan sama yana da yawa, tafki ya cika, ɓawon zai ɗauki oksijin mara nauyi. In fari ake yi, rana ta shanye tafki, ɓawon zai ɗauki mai nauyi. Halittar takan mutu cikin 'yan watanni, ɓawonta ya nutse, laka ta rufe shi. Masana sukan wanke lakar, su tsince ɓawon ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Aiki ne na haƙuri, ya fi tsintar tsakuwa a shinkafa cin rai.

Ba ɓawo kaɗai suka duba ba. Sun auna gishirin da ke ciki, da ƙurar hamada da iska ta zuba, da garin furannin itatuwa da ya maƙale a lakar. An buga sakamakon a shekarar 2000. Ga abin da lakar ta faɗa. Kimanin shekara 4,700 da suka wuce ƙurar hamada ta fara ƙaruwa. Bayan shekara 4,100 da suka wuce ruwan damina ya ragu, kuma bai sake komawa yadda yake a da ba. Daga kimanin shekara 1,500 da suka wuce aka shiga zamanin dogayen fari, wani na shekaru gommai, wani ya kai ɗari. Akwai mai tsanani da aka yi tsakanin shekara 1,200 da 1,000 da suka wuce.

Wannan labari ba mai daɗin ji ba ne. Farin da ya fara a 1968 ya kashe dabbobi ba adadi, ya tashi ƙauyuka. Mutane da yawa sun ɗauka ba a taɓa ganin irinsa ba. Lakar Kajemarum ta nuna an yi waɗanda suka fi shi daɗewa.

Shaida ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Amma akwai ta biyu daga ƙasar Gana. Kusa da Kumasi akwai wani tafki mai zurfi da ake kira Bosumtwi. Lakarsa tana kwanciya ne shafi-shafi, kowace shekara da nata, har ana iya ƙirgawa. A 2009 aka buga binciken oksijin ɗin lakar na shekara 3,000. Ya nuna cewa farin shekara 30 zuwa 40 yana zuwa yana komawa a Afirka ta Yamma. Ya kuma nuna wani dogon fari da aka yi daga wajen 1400 zuwa 1750, wato kimanin shekara 350. A lokacin ruwan tafkin ya ja baya har itatuwa suka tsiro a inda ya janye. Da ruwa ya dawo sai ya shanye su. Kututturansu suna nan a cikin ruwa.

Ba kullum fari ba

Kada mai karatu ya ɗauka tarihin duk na fari ne. An yi zamanin da ruwa ya yi yawa fiye da yadda kowa zai zata. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000. Wannan ya fi kashi ɗaya cikin uku na faɗin Najeriya. Dogon tudun yashin nan da ya bi ta Maiduguri da Konduga da Bama shi ne tsohon bakin gaɓarsa. Yau daga Maiduguri sai an yi tafiyar fiye da kilomita 100 kafin a ga ruwan tafkin. A 1963 faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 25,000 ne. A tsakiyar shekarun 1980 ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, daga baya kuma wani sashe na ruwan ya dawo.

A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a ƙasar Fune, cikin Jihar Yobe ta yanzu. Sai ya ci karo da wani baƙin itace mai tauri a zurfin kimanin mita 5. Ashe kwalekwale ne. An tono shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma kimanin 8,000. Yana cikin jiragen ruwa mafiya tsufa da aka taɓa samu a duniya.

Yadda aka san shekarunsa daban ne da awon oksijin. Akwai wani aisotof da ake kira kabon 14. Shi ba ya zama yadda yake, raguwa yake yi. Duk abu mai rai yana ɗauke da shi. In ya mutu, rabin kabon 14 ɗinsa yakan ɓace a cikin shekara 5,730. In an auna abin da ya rage, sai a san tun yaushe abin ya mutu. To kabon 14 shi ne agogo, yana faɗin lokaci. Oksijin 18 kuma shi ne mai ba da labarin abin da ya faru a lokacin. Sai an haɗa su biyu karatun yake cika.

Abin da aka ci yana zama a haƙori

Kabon yana da wani ɗan'uwa da ba ya raguwa, shi ne kabon 13. Kimanin ƙwaya ɗaya ce cikin 100. Tsirrai suna shaƙar kabon daga iska don su haɗa abincinsu, amma ba hanya ɗaya suke bi ba. Gero da dawa da masara da rake da yawancin ciyayin daji na ƙasa mai zafi suna ɗaukar kabon mai nauyi da ɗan yawa. Itatuwa da wake da gyaɗa da rogo da shinkafa da alkama suna ɗaukar kaɗan.

Wannan bambanci yana bin abinci ya shiga jiki. Saniya mai kiwon ciyawa, haƙorinta zai nuna alamar ciyawa. Raƙumi mai cin ganyen itace, nasa zai nuna alamar itace. Mutumin da ya tashi da tuwon dawa da furar gero, ƙashinsa ya bambanta da na wanda ya tashi da shinkafa. Ƙasa ma haka, tana riƙe alamar tsirran da suka ruɓe a cikinta. Ta haka ake gane ko wani wuri kurmi ne a da ko filin ciyawa. Lakar Bosumtwi ta nuna cewa inda yake kurmi a yau, a zamanin sanyin duniya ciyawa ce ta fi yawa a wurin.

Masu sayar da zuma su lura. Da wannan awo ake kama zumar da aka yi wa algus da sukarin rake. Ƙudan zuma ya fi ɗibar ruwan furannin itatuwa da ganyaye, rake kuwa alamarsa daban ce.

Tsohon ruwa a ƙarƙashin Barno

Inda wannan ilimi ya fi shafar mutumin karkara shi ne maganar rijiya. A ƙarƙashin ƙasar Barno da wani sashe na Yobe, ruwa hawa uku ne. Hawa na sama shi ne wanda rijiyar hannu da ƙananan rijiyoyin burtsatse suke kaiwa. Hawa na tsakiya yana wajen zurfin mita 300. Na ƙasa kuma yana mita 500 ko fiye. Tsakanin na sama da na tsakiya akwai yumɓu mai kauri sosai, wanda ruwa ba ya ratsawa da sauƙi.

Daga ƙarshen shekarun 1950 aka fara haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi a ƙasar Barno. Da bututu ya huda yumɓun nan, sai ruwa ya yi tsiri da kansa, ba inji ba famfo. Ruwan da ɗumi yake fitowa. Makiyaya suka samu sauƙi, ƙauyuka suka kafu a inda da ba a iya zama da rani. Rijiyoyi da yawa an bar su suna zuba dare da rana, shekara da shekaru, har suka yi ƙananan tafkuna a gefensu.

Da aka auna wannan ruwa sai aka ga oksijin ɗinsa ya fi na ruwan saman yau rashin nauyi. Ba ruwan bara ba ne, ba na zamanin kakanni ba ne. Binciken da aka buga a 1999 ya nuna ya shiga ƙasa ne tsakanin kimanin shekara 24,000 da 18,000 da suka wuce. A wancan zamani ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da arewacin Amurka. Iskar da ta narke a cikin ruwan ta nuna cewa ƙasar Barno ta fi yau sanyi da kimanin digiri 6. An samu irin wannan tsohon ruwa a ƙarƙashin kudu maso yammacin Nijar, da ƙarƙashin hamadar Libiya da Masar.

Ma'anar wannan a fili take. Ruwan hawa na tsakiya da na ƙasa kamar rumbu ne da magabata suka cika suka bari, kuma gonar da ta cika shi ta daina ba da amfani. Abin da ke shiga cikinsa a yau ɗan kaɗan ne, bai kai abin da ake ɗiba ba. Ko ambaliyar da ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024 ba za ta cika shi ba, don yumɓu ya tare hanya. Shi ya sa ƙarfin tsirin ruwan ya yi ta raguwa. Rijiyoyi da dama da suke zuba da kansu a da, yanzu sai an sa musu inji. Barin irin wannan rijiya tana kwarara cikin yashi ba makunni ɓarna ce babba. Kuɗin makunni da gyaransa bai kai kuɗin inji da man da zai sha ba.

Akwai iyaka ga abin da awon aisotof yake iya faɗa. Alama ɗaya tana iya fitowa daga dalili biyu. Ɓawo yana iya yin nauyi saboda ƙarancin ruwan sama, yana kuma iya yi saboda sauyin zafi. Shi ya sa masanin kirki ba ya dogara da shaida guda, sai ya haɗa da ƙura da gishiri da garin fure. Awon kuma ba ya faɗin ko daminar baɗi za ta yi kyau. Abin da ya wuce yake nunawa, da irin abin da wannan ƙasa take iya yi. Haka nan, don an yi fari tun kafin a ƙera mota, ba a ce hayaƙin zamani ba shi da laifi ba. Awon kabon 13 a cikin iskar duniya ya nuna cewa ƙarin kabon da ke ɗumama duniya a yau daga man fetur da gawayin ƙasa da gas da ƙona dazuzzuka yake fitowa.

Hawa na sama labarinsa daban ne. Shi yana samun sabon ruwa, kuma awon aisotof ya taimaka wajen gano ta inda yake shiga. A gefen kogin Yobe da dausayin Haɗeja da Nguru, ambaliyar kogi ce take ciyar da rijiyoyin da ke kusa. Don haka in ruwan da ke saukowa daga madatsun Tiga da Challawa ya ragu, rijiyoyin can ƙasa ma sukan ji a jikinsu. A yankin Yamai ta Nijar kuwa an gano cewa ruwan ƙasa yana shiga ne ta gindin tafkunan damina da kududdufai. Da sauri yake nutsewa, tun rana ba ta yi masa shiƙa ba, shi ya sa alamarsa ta yi daidai da ta ruwan tsakiyar damina. A can, sare daji don noma ya sa ruwa yana gangarowa da yawa zuwa cikin tafkunan. Ƙasar gonaki ta zaizaye, amma ruwan rijiyoyi ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da shekarun fari da aka yi a tsakani.